Murar Tsuntsaye: Shin An Samo Allurar Da Za Ta Kare Masu Kiwon Kaji?

Tambaya: Likita, ina da gonar kaji a wajen Zariya da yara masu yi min aiki. Na ji an ce an samo wata allura da ke kare mutum daga murar tsuntsaye. A ina zan same ta?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a kiwo, kuma na yaba da yadda ka damu da lafiyar yaranka. Sai dai allurar da ka ji labarinta ba ta shiga asibiti ko kemis ba tukuna, a nan ko a ƙasashen waje. Duk wanda ya kawo maka kwalba ya ce ita ce, kada ka ba shi ko sisi.

Ga asalin labarin. Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, jiki kan ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, su manne wa ƙwayar su hana ta kutsawa cikin tsokar huhu. Masana sun iya zaɓo guda ɗaya mai ƙarfi, su hayayyafa shi a ɗakin gwaje-gwaje, su ɗura wa wanda bai kamu ba. Wanda ake magana a kai sunansa MEDI8852. A watan Janairun 2025 masu bincike na Jami'ar Pittsburgh da Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka suka bayyana cewa sun yi wa birai allurarsa sau ɗaya, bayan kwana 3 suka shaƙa musu ƙwayar murar tsuntsaye mai suna H5N1. Biran da suka samu isasshen maganin sun tsira, cutar ba ta kwantar da su ba, waɗanda ba a yi wa ba kuwa ta yi musu mugun kamu.

Abin da ya fi burge ni shi ne wurin da wannan antibodi yake kamawa. Ƙwayar mura tana da wasu ƙayoyi a bayanta da take maƙalewa da su. Kan ƙayar yana yawan sauya kama, shi ya sa ake sake allurar mura kowace shekara a ƙasashen da ke yin ta. Gindin ƙayar kuwa da wuya ya sauya, kuma nan MEDI8852 yake cafka. Ke nan ko ƙwayar ta rikiɗe, akwai fatan zai ci gaba da aiki.

Amma biri ba mutum ba ne. A 2023 kamfanin Vir na Amurka ya gwada wani antibodi mai irin wannan aiki a kan mutane kusan 3,000 don kare su daga murar da aka saba, sakamakon bai kai abin da aka nema ba. Don haka ina murna da labarin, amma ban yarda mai gona ya jingina da shi ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a makarantar koyon jinya a Maraɗi. Mene ne bambancin wannan da allurar rigakafi?

Amsa: 'Yata, kin riga kin san misalinsa a ɗakin ɗinkin rauni. Wanda ƙusa ta soka, idan bai taɓa yin rigakafin tetanus ba, akan yi masa ATS: antibodi ne shiryayye, yana fara aiki nan take. Allurar TT kuwa, wato rigakafin tetanus, koya wa jiki take yi ya ƙera nasa, sai an yi makonni kafin ta kankama, amma tana daɗewa shekaru. Maganin sarar maciji da ake yi wa mutane a asibitin Kaltungo shi ma antibodi ne da aka tato daga jinin dabbobi. Haka garkuwar da uwa ke ba jariri ta mahaifa da dakashi.

Kayan aro dai ba ya rufe katara. Antibodin da aka ɗura yana raguwa da rabi cikin kimanin mako 3, kuma masu binciken birai sun ƙiyasta kariyar za ta kai mako 8 zuwa 12 kawai. Amfaninsa, idan ya tabbata, shi ne a farkon annoba: a kare ma'aikatan jinya irinki da masu kwashe matattun kaji kafin rigakafi ya iso. Rigakafin ma akwai shi a ajiye a wasu ƙasashe, kuma Finland ta fara yi wa ma'aikatan gonakinta a 2024. Tsada ita ce babbar damuwata, domin irin waɗannan magunguna kan daɗe ba su iso mana ba.

Tambaya: Likita, kajin gidana suna ta mutuwa. Muna yanka waɗanda suka fara layi kafin su mutu. Za mu iya ci? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya, don Allah ku daina. Na san asara ce, kuma yankan ya halatta naman, amma bai kashe ƙwayar cutar ba. Wuta tana kashe ta idan nama ya dahu har ciki, ba sauran ja. Hatsarin yana wajen yanka da figa da cire kayan ciki, lokacin da jini da kashi da ƙurar gashi ke shiga ido da hanci, kuma yawanci mata da yara ne a wannan aiki.

Ba kowace mutuwar kaji ce murar tsuntsaye ba, sai gwaji ke rarrabewa. Amma idan suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, ki sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. A binne matattun a rami mai zurfi, a ɗauke su da safar hannu ko leda, a rufe hanci da baki, a wanke hannu da sabulu. Kada a jefa wa kare ko kyanwa, kada a kai ragowar kasuwa. Cutar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, a wannan watan kuma ta ɓulla a Magariya ta Nijar. A Janairun 2007 ta kashe wata matashiya 'yar shekara 22 a Legas.

Tambaya: Sana'ata figar kaji a kasuwa. Kwana biyu ke nan ina zazzaɓi da tari, idona ya yi ja. Na sha kafso daga kemis, ba sauƙi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya, ka tafi asibiti yau. Wataƙila mura ce kawai ko zazzaɓin cizon sauro, domin murar tsuntsaye ba ta cika kama mutum ba, kuma da wuya ta tsallaka daga mutum zuwa mutum. Amma idan ta kama ba ta wasa: cikin mutum sama da 900 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun kamu da H5N1 tun 2003, kusan rabi sun rasu. Jan ido kuma yana cikin alamun da aka fi gani a ma'aikatan gonakin shanun Amurka da suka kamu a 2024.

Kafson kemis na kashe bakteriya ne, ba ya taɓa bairos irin na mura. Maganin da ke aiki shi ne oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, safe da yamma na kwana 5, kuma ya fi tasiri idan an fara cikin awa 48. Da ka shiga, ka faɗa wa likita sana'arka, ka gaya masa ko kaji sun mutu a rumfarku kwanan nan, domin idan ba ka faɗa ba zai iya ba ka maganin maleriya ya sallame ka. Idan numfashi ya fara sarƙewa kada ka jira gari ya waye. Abokan aikinka kuma su lura da jikinsu har kwana 10, wanda ya ji zazzaɓi ya bi sahunka.