Ko ya dace in taɓa jarin shagona saboda karatun 'yata a Amurka?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya rubuto cewa wata jami'a a Amurka ta ɗauki 'yarsa karatun digirin digirgir a fannin aikin jin daɗin jama'a, tare da gurbin mataimakiyar bincike mai alawus. Yana tambaya ko ya karyar da wani ɓangare na kayan shagonsa domin ya haɗa mata kuɗin tafiya da na zama.

Alhaji, Allah ya sanya albarka a wannan karatu. Shawarata ita ce kada ka taɓa uwar kuɗi, domin an tsara irin wannan gurbi ne don ɗalibi ya ɗauki nauyin kansa. Abin da aka saba shi ne ɗaliba ta yi wa wani farfesa aiki na kimanin awa 20 a mako, tana tattara bayanai, tana hira da iyalan da ake bincike a kansu, tana nazarin alƙaluma, ita kuma jami'a ta yafe mata kuɗin karatu, ta riƙa biyan ta alawus, sau da yawa har da inshorar lafiya. Sai dai bizar ɗalibai ta F-1 ba ta yarda a wuce awa 20 ɗin nan ba a lokacin zangon karatu, kuma aiki a wajen jami'a sai da izini na musamman, saboda haka idan alawus ya gaza ba ta da hanyar cike giɓin da wani aiki na gefe.

Wannan ne ya sa nake so ku zauna da ita ku karanta takardar tayin yadda kake karanta yarjejeniyar dillalin kaya, layi bayan layi. Ku duba shekara nawa aka lamunce mata, domin karatun yakan ɗauki shekara 4 zuwa 5, wani lokaci ya zarce. Ku duba ko alawus ɗin na wata 12 ne ko na wata 9, domin jami'o'i da dama ba sa biyan watannin dogon hutu, alhali mai gidan haya ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Abin da ya fi damuna shi ne asalin kuɗin: idan makarantar ce da kanta ta yi alkawari, da sauƙi, amma idan daga tallafin binciken farfesa guda ne, to ranar da tallafin ya ƙare ko aka soke shi, alawus zai iya tsayawa. Ta rubuta ta nemi amsar wannan a rubuce. Ta kuma tabbatar cewa shirin PhD ne, wato digirin digirgir na bincike, domin akwai wani digirin mai suna DSW wanda galibi ɗalibi ne ke biya wa kansa.

Adadin da ke kan takarda ba shi ne zai shigo hannunta ba. Ana cire haraji, kuma Najeriya ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, sannan akwai ƙananan kuɗaɗen rajista da yafiyar ba ta shafa ba. Gari ma yana da tasiri, domin alawus ɗin da zai riƙe ɗaliba a Jami'ar Washington da ke St. Louis zai iya ƙarewa a kuɗin ɗaki kawai a New York, inda Jami'ar Columbia take. Idan kuma tana da aure, ku sani cewa mijin da ya bi ta da bizar F-2 ba shi da izinin aiki.

Naka nauyin shi ne kuɗin farawa: dala 350 na rajistar SEVIS (tsarin da gwamnatin Amurka ke adana bayanan ɗalibai baƙi a ciki), dala 185 na neman biza, tikitin jirgi, kafin alƙalamin haya, kayan sanyi, da abincin wata ɗaya ko biyu kafin alawus na farko ya fito. Ka ware wannan daga ribar watanni masu zuwa, kana sayen dala kaɗan-kaɗan a kasuwar canji ta Wapa, maimakon ka karyar da kaya a rana ɗaya ka yi asara wajen sayarwa kuma ka sake yin wata wajen canji. Takardar I-20 da jami'a za ta aiko tana nuna ƙiyasin kuɗin shekara da abin da jami'a ta ɗauka, kuma bambancin ne za a nemi shaidarsa daga banki. Kada ka aro kuɗin wani ka zuba a asusu don nunawa, kuma kada a sayi tikiti sai biza ta fito, domin dokokin shiga Amurka suna yawan sauyawa.

Kada kuma ka lissafa wannan kuɗi a matsayin jarin da zai dawo maka da riba. Wannan fanni yana kai mutum ga koyarwa a jami'a, ko bincike, ko tsara manufofin kula da marayu da tsofaffi da masu rauni, aiki ne mai daraja amma albashinsa matsakaici ne. Jami'o'in Amurka da yawa suna ba ɗalibi har zuwa 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin tallafi, don haka ta yi amfani da wannan lokaci ta aika tambayoyinta, ta kuma tuntuɓi ɗaliban da ke cikin shirin yanzu su faɗa mata abin da suke kashewa a wata.