Ina son zagaya wuraren tarihi na mashigin ruwan Suez, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam malam, ni ɗalibi ne a Azhar, shekarata biyu a Alƙahira amma ban taɓa ganin mashigin ruwan Suez ba sai a labarai. Mun samu hutu ni da abokaina uku, kwana biyu zuwa uku muke da su kuma kuɗin ba yawa. Akwai gidajen tarihi a wajen ko jirage kawai ake kallo?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai su sosai, kuma shawarata ku fara da Isma'iliyya, kar ku bi masu cewa a wuce Port Said kai tsaye don ganin teku. Manyan garuruwa uku ne a bakin ruwan, Port Said a arewa, Isma'iliyya a tsakiya, Suez a kudu, to Isma'iliyya ita ce ta fi kusa da ku, wajen kilomita 120 daga Alƙahira, akwai bas akwai jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, kuma nan ne labarin yake farawa yadda mutum zai gane shi.

Abin da nake so ku riƙe kafin ku tashi shi ne wannan ruwa ba injin ne ya fara haƙa shi ba. An soma aiki a 1859 aka buɗe ranar 17 ga Nuwamba 1869, kuma shekarun farko talakawan ƙauyukan Masar ne aka riƙa kwasowa aikin tilas, da diga da kwando, cikin hamadar da ko ruwan sha babu sai da aka janyo wani ƙaramin magudani daga kogin Nilu, wanda har yau yana ratsa Isma'iliyya. Sunan Bafaranshe Ferdinand de Lesseps ne ya shiga littattafai, su kuwa waɗanda suka mutu a wajen ba wanda ya san sunansu, wannan abu yana taɓa ni duk lokacin da na tsaya a bakin ruwan. Gidan da de Lesseps ɗin ya zauna yana nan a garin, kusa da tsohon ginin ofishin kamfaninsa da aka mayar gidan tarihin mashigin, amma ku tambaya tukuna ko a buɗe suke ranar da za ku je.

Sai gidan tarihin Isma'iliyya, ƙarami ne, awa ɗaya ta ishe ku. Ginin tun shekarun 1930 ne, kuma da yawa daga kayan ciki an tono su ne a yankin, har da lokacin haƙar. Akwai wani babban zane na ƙananan duwatsu masu launi da aka jera a daɓe tun zamanin Rumawa, shi mutane suka fi tsayawa kallo. Ni abin da ya fi jan hankalina a wannan yanki shi ne tunanin haɗa ruwa da ruwa ba Turawa suka kawo shi ba, Fir'auna Neko na biyu ya fara haƙa hanya daga Nilu zuwa Bahar Maliya, Dariyus sarkin Farisa ya ƙarasa, ta cike da yashi, sannan zamanin Sayyidina Umar, Amru ɗan Asi ya sake buɗe ta don a kai abinci Hijaz bayan shekarar yunwa, shi ya sa ake ce mata Khaliju Amiril Muminin. Ku da kuke karanta tarihin Musulunci ai wannan naku ne.

In kun tsallaka gabas akwai Tabbatush Shajara, tsohon sansanin sojojin Isra'ila na layin Bar Lev, wato jerin sansanonin tsaro da ganuwar yashi da suka gina a gabashin mashigin, wanda Misirawa suka ƙwace a yaƙin Oktoba 1973, yanzu an bar shi ana shiga kallo, ramukan ƙarƙashin ƙasa da ragowar tankokin yaƙi suna nan. A can ne za ku gane yadda aka yi amfani da tiyo mai ƙarfin ruwa aka rusa ganuwar yashi har sojoji suka samu hanya. Mashigin fa a rufe yake tun yaƙin 1967 har 1975, jirage 15 suka maƙale a ciki shekara takwas. In lokacin mangwaro ne kar ku bar garin ba ku sha ba, duk Masar an san na Isma'iliyya.

Rana ta biyu ku nufi Port Said. Ku fara da gidan tarihin soja, yawancinsa labarin 1956 ne, lokacin da Jamal Abdul Nasir ya mayar da kamfanin mallakin ƙasa ranar 26 ga Yuli, sai Ingila da Faransa da Isra'ila suka haɗu suka kawo hari, mutanen gari suka yi ta faɗa unguwa unguwa. Daga nan ku taka zuwa bakin ruwa za ku ga wani babban dandamalin dutse ba komai a kansa, da can mutum-mutumin de Lesseps ne a kai, aka tumɓuke shi a Disamba 1956 bayan sojojin mamaya sun fita. Tsohuwar hasumiyar fitilar jirage ta 1869 tana kusa, ga ginin hukumar mashigin mai koren ƙubbobi, ga tsofaffin benaye masu barandar katako. Sannan ku hau jirgin fito, su ma'addiya suke ce masa, kyauta ne, minti kaɗan ya sauke ku Port Fu'ad, kun bar Afirka kun shiga Asiya ba ku biya ko sisi ba, kuma daga kansa ne ake ganin manyan jiragen da kyau.

Suez kuwa sai in kwana na uku ya samu. Garin ya sha ruwan wuta a yaƙe-yaƙe, tsofaffin gine-gine ba yawa, amma gidan tarihinta na ƙasa yana da ɓangaren aikin hajji da mahmal, wato ayarin da ke raka rigar Ka'aba daga Masar, don ta nan hanyar alhazai ta bi.

Ku riƙe fasfo da iƙama a jikinku ko'ina, akwai shingayen bincike a hanya. Katin ɗalibi ma ku tafi da shi, ana rage kuɗin tikiti. Kuma don Allah kar wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoton soja ko shinge ko gada, yankin na tsaro ne, in kuna shakka ku tambayi jami'in da ke wajen kafin ku ɗauka.