Ga 'yar'uwar da yayanta ya riƙe gonar gado

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Kin ce tun rasuwar mahaifinku yayanki ya riƙe gona shi kaɗai, kin faɗa da bakinki cewa kin yafe, amma da kin hango shi a coci sai zuciyarki ta tafasa, har kina shakkar cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Ni ma na sha wannan ruwan, shekara bakwai cur.

Nawa ƙanin babanmu ne. Ba mu gama karɓar gaisuwar makoki ba ya sa aka yi huɗa a fadamar da Baba yake noman shinkafa da rake. Ƙaramar hanyar zuwa cocinmu ta gefen fadamar take bi, sai na daina binta. Kowace Lahadi nakan zagaya ta kasuwa da goyo a baya, don kada in ga raken ya yi kore. Ina jagorar waƙa a zumuntar mata, amma in aka zo wurin nan na Addu'ar Ubangiji, inda muke roƙo a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in yi ƙasa da murya.

Abin da ya kama ni Luka 12:13-15 ne. Wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Yesu bai ce mutumin ba shi da gaskiya ba, amma ya ƙi zama alƙalinsu, ya gargaɗi taron su yi hankali da kwaɗayi. Na daɗe ina jin haushin ayar nan, don ni aka zalunta. Daga baya na gane cewa fadamar ce ta riƙe ni. Kullum ina lissafin buhunan da baffa ya ɗauka, kuma muddin ina wannan lissafi, "na yafe" maganar fatar baki ce.

Kada ki ɗauka ina cewa ki bar haƙƙinki. Matiyu 18:15-17 ya ba da hanya: ki same shi ku biyu, in ya ƙi ji ki koma da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Ki bi ta, ki sa dattawan gidanku a ciki. Ni na bi, ban samu ko kunya ɗaya ta fadamar ba. Amma neman haƙƙi daban, kwana da mutum a rai daban.

Na fara da ambaton sunansa a addu'ar safe, da ƙyar yake fita. Bayan wata uku na bi ta gefen fadamar, na same shi yana ban ruwa, na durƙusa na ce, "Baffa, barka da aiki." Ya amsa bai ɗago kai ba. Na yi kuka har ƙofar coci, amma ranar ba na jin nauyin nan a ƙirji. Fushin ya sha dawowa, musamman lokacin girbi, ni kuma na sha sake yafewa. A nan na fahimci bakwai sau saba'in ɗin da Yesu ya faɗa wa Bitrus game da yafe wa ɗan'uwa.

Game da Jibi, kada ki yanke wa kanki hukunci ke kaɗai. Ki je wurin fastonku cikin makon nan, ki gaya masa komai yadda kika rubuta mana. In kin yarda, zan riƙa ambatonki da yayanki a addu'ata.