Neman barci da sauti bayan rasuwar maigida: mene ne hukunci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Aboabo ce a Kumasi, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Maigidana ya rasu bara, na fita takaba, amma har yau barci ya ƙaurace mini. Da na kwanta sai ƙirjina ya yi nauyi, in yi ta juyi har assalatu. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, ta zuba mini wasu sautuka a waya: wani ƙarar ruwan sama ce kawai, wani kuma busa ce mai sanyi da kaɗa tsirkiya, babu waƙa a ciki. In na kunna nakan samu barcin awa uku ko huɗu. Maƙwabciyata ta ce kiɗa ne, kuma Allah bai sa waraka a cikin haram ba. Gwaggona kuma ta ce iska ce ta taɓa ni, a kira masu garaya a yi mini wasa. Abin da ya fi damuna shi ne in na kunna karatun Alƙur'ani kuka nake yi, domin shi ne mai yi mana karatu a gida bayan asuba. Ina tsoron ko imanina ne ya yi rauni.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ke kuma Hajiya ya ba ki haƙurin rashinsa.

Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshe, don na ga shi ne yake ci miki rai. Kukan nan babu raunin imani a cikinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa wata rana Halatu 'yar Khuwailid, 'yar'uwar Nana Khadija, ta nemi izinin shiga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya ji irin sallamarta sai ya tuna da ta Khadija, jikinsa ya motsa, ya ce: "Ya Allah, Halatu ce!" A lokacin Khadija ta yi shekaru a kabari. To in murya ta iya tayar wa fiyayyen halitta kewar matarsa, yaya za a zarge ki don karatu ya tuna miki da mutumin da kika sha jin muryarsa kowace asuba? Annabi ma ya sa Abdullahi ɗan Mas'ud ya yi masa karatu, da aka kai aya ta 41 a Suratun Nisa'i ya ce ya isa, idanunsa suna zubar da hawaye. Saboda haka kada ki guji Alƙur'ani don hawaye. In karatun dare yana hana ki barci, mayar da sauraron zuwa hantsi ko bayan la'asar, ki zaɓi makarancin da muryarsa ba ta kama da ta marigayi, da dare kuma ki tsaya kan Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi da bakinki. Allah ya kira Littafinsa waraka ga abin da ke cikin ƙiraza a Suratu Yunus aya ta 57, kuma wani maganin sai ya tono ciwo kafin ya warkar da shi.

Cewa sauti yana aiki a zuciya da jiki, wannan shari'a ba ta musa ba. Da aka shar'anta kiran salla, Abdullahi ɗan Zaid ne ya yi mafarkinsa, amma Bilal aka ba wa don muryarsa ta fi ɗaukaka da daɗi. Annabi ya ji karatun Abu Musa al-Ash'ari ya ce an ba shi sarewa daga sarewun iyalan Dawud. Akwai kuma Anjasha, mai rera wa raƙuma waƙa a tafiya, wanda raƙuman suka riƙa sauri saboda muryarsa har Annabi ya ce ya sassauta saboda matan da ke kai. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kafa hujja da wannan a babin sauraro na littafinsa Ihya'u: in raƙumi da kaurin halinsa yana manta nauyin kaya saboda murya, ina ga ɗan Adam. Ke ma kin sani tun kina goyo, jaririn da ya ƙi nono ya ƙi jijjiga sau da yawa waƙar reno ce ke kwantar da shi. Likitocin Musulmi na da sun yi amfani da wannan. A asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya gina a birnin Edirne na ƙasar Turkiyya ta yau, aka kammala a 1488, ana jinyar masu taɓin hankali da ƙarar ruwa da sauti mai taushi. Likitocin yau kuma sun ga cewa sauti mai natsuwa yana rage fargabar wanda za a yi wa tiyata, kuma wasu da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke musu magana sukan iya rera kalmar da suka kasa furtawa, har ana bi ta nan a koya musu magana. Duk wannan sababi ne, kamar zuma da allura. Mai warkarwa Allah ne.

Sai dai kasancewar abu yana aiki ba ya nufin ya halatta, don haka a rarrabe.

Ƙarar ruwan sama, kukan tsuntsaye, motsin teku, kaɗawar iska a ganye, waɗannan ban san malami ɗaya da ya hana sauraronsu ba. Halittar Allah ce aka naɗa a waya. Ki kunna, zuciyarki a sake.

Muryar mutum da kalmomi nagari, babu kayan kiɗa, ita ma ƙofarta a buɗe take, kuma gadonmu ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajis, wato malamai mata da ta horar. A nan ƙasar Ghana, Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci. Kuma babu zangon da ba a jin Ishiriniya a watan Maulidi. In akwai wata waƙar bege ko wa'azi da take sanyaya miki rai, ki saurara, da sharaɗin babu wuce iyaka a lafazinta.

Inda maganar take da tsawo shi ne busa da tsirkiya. Ba zan ɓoye miki ba, mafi yawan malamai, har da mashhurin mazhabobi huɗu, sun tafi a kan hana kayan kiɗa in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki da idi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka tashi da ita a makarantun zaure, ta faɗa ƙarara cewa bai halatta mutum ya yi nufin sauraron kayan wasa da waƙa ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: hadisin da ke cikin Bukhari cewa za a samu wasu mutane daga al'umma da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, da fassarar da Ibn Mas'ud ya yi wa "lahwal hadis", wato zancen shagala, a Suratu Luƙman aya ta 6 da cewa waƙa ce. Maƙwabciyarki ba daga kanta ta ƙago ba, kada ki riƙe ta a rai. A ɗaya ɓangaren, Ibn Hazm na Andalus ya ga babu ingantaccen nassi da ya hana, ko da yake malaman hadisi irin su Ibn Salah sun mayar masa da martani kan raunana hadisin Bukhari, kuma gaskiya tana tare da su a wannan. Gazali ya rataya hanin ga abin da ya zama alamar mashaya da fasiƙai. Ko a Mukhtasar na Khalil, a babin walima, an kawo saɓani kan wasu ganguna, an kuma kawo maganar Ibn Kinana da ya halatta ƙaramar busa da ƙaho. Wato saɓanin tsoho ne, yana cikin littattafanmu na Malikiyya.

Abin da na natsu da shi a mas'alarki shi ne wannan. Ki duba hadisin nan na Bukhari, ya haɗa kayan kiɗa da alhariri a jumla ɗaya. Alhariri haramun ne ga maza, amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya yi wa Zubairu ɗan Awwam da Abdurrahman ɗan Auf rangwamen sa shi saboda ƙaiƙayi da ya same su. Daga irin wannan ne malamai suka fitar da ƙa'idar cewa abin da aka hana don toshe hanyar ɓarna ana sassauta shi in buƙata ta gaskiya ta zo, saɓanin giya wadda ita kanta cuta ce, kamar yadda Annabi ya gaya wa wanda ya ce yana yin ta don magani. Maganar cewa Allah bai sa warakarku cikin abin da ya haramta muku ba, Ibn Mas'ud ya faɗe ta ne a kan abin sa maye. Macen da ta shekara ba ta barci, tana kwance ita kaɗai a ɗakinta tana jin busa marar kalmomi don idonta ya rufe, ba ta zauna a majalisar da aka hana kiɗa dominta ba. Don haka nake cewa: ki fara da abin da babu saɓani a kansa, ruwan sama da murya tsantsa. In sun wadatar, ki bar busar, fita daga saɓani ya fi kwanciyar rai. In kin gwada da gaske ba su yi ba, ki yi amfani da ita gwargwadon buƙata, kamar yadda ake shan ƙwaya a bar ta in an warke, kuma ba na ganin zunubi a kanki. Alamar da za ki lura da ita ɗaya ce: in ta fara sa ki makara sallar asuba, ko kika ji Alƙur'ani ya yi miki nauyi ita kuma ta yi miki zaƙi, to ta tashi daga magani.

Wannan rangwame na mai larura ne. Samarinmu da ke kwana da lasifika a bakin titi a Asawase da Sawaba kada su ce Malam ya buɗe musu ƙofa.

Shawarar gwaggo kuwa, a nan babu sassauci ko kaɗan. Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma abin da ta tarar ke nan ana yi. Amma garayar bori ba don sanyaya zuciya ake kaɗa ta ba. Kowane iska da takensa, ana kiɗa ne don a kira shi ya hau, a tambaye shi abin da yake so, a yanka masa kaza ko akuya mai launin da ya zaɓa, wani lokaci a ce sai an yi girka. Allah ya ce a Suratul Jinn aya ta 6, wasu mazaje daga mutane sun kasance suna neman tsari da wasu daga aljannu, sai suka ƙara musu wahala. Muslim kuma ya ruwaito daga Sayyidina Ali cewa Allah ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. Ko da mace ta ce ta ji sauƙi bayan wasan, an karɓi tauhidinta an ba ta barci, wannan mummunan ciniki ne. Ki ba gwaggo haƙuri da ladabi, ki ce ta taya ki da addu'a. Ma'aunin da Annabi ya ba Auf ɗan Malik game da tofi shi ne na kowane sauti: babu laifi matuƙar babu shirka a ciki. Da wannan ma'aunin ki sa 'yarki ta duba abin da take sauke miki daga YouTube, domin akwai waɗanda ake cusa wa kirarin gumakan Hindu ko a ce suna buɗe wasu ƙofofin ruhi a jiki. Waɗannan a bar su. Masu cewa wani sauti mai lamba 432 ko 528 yana gyara ƙwayoyin halitta kuwa, talla ce da babu hujjar likita a bayanta.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma amana ce in faɗa. Shekara guda ba barci, ga nauyin ƙirji, wannan ya wuce a bar shi ga waya. Damuwa mai tsanani cuta ce da likitoci suka sani, kuma Annabi ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba ya nufin hauka, kuma a auna miki jini da zuciya tunda ƙirji kike kuka da shi. Kada ki karɓi ƙwayar barci ko tiramol daga hannun kowa ba da takardar likita ba. Sautin ma a rage shi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙara mai yawa a kunne tana kashe ji a hankali. Ajiye wayar a gefen gado ya fi kwana da abin sawa a kunne. Haka in za a yi miki ruƙiyya, ki nemi mai karatu cikin natsuwa. Ihu a kunnen marar lafiya da duka ba su da asali a sunna.

Nana A'isha ta kasance in an yi rasuwa a danginta, bayan mata sun watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa yana hutar da zuciyar marar lafiya, yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Wani sashe ya ce, bai ce duka ba. Ki sa a dama miki koko mai ɗumi kafin kwanciya, ki samu jika ko ƙanwa ta riƙa kwana a ɗakinki na ɗan lokaci, ko da hira ce ku yi har barci ya zo. In kuma akwai yaro a gidan da ya iya karatu, a ba shi Alƙur'anin marigayi ya riƙa buɗewa bayan asuba, ko shafi ɗaya ne, ke kina gefe kina ji.

Wallahu a'alamu.