Me ya sa tantanin ƙwayar jini ke lanƙwashewa ba ya yagewa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Samaru. A aji an ce mana tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta ruwa-ruwa ne, amma kuma an ce jar ƙwayar jini tana lanƙwashewa ta sake komawa siffarta. Ta yaya abu ɗaya zai haɗa waɗannan halaye biyu?

Amsa: Malama, maganganun biyu duk daidai ne, domin halin tantanin ya danganta da irin ƙarfin da aka sa masa da kuma saurin sa shi.

Tantanin shimfiɗa biyu ce ta ƙwayoyin maiƙo, kaurinsa bai wuce nanomita 4 zuwa 5 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Masana kimiyya Gorter da Grendel ne suka fara nuna haka a 1925, daga maiƙon da suka tatso a jajayen ƙwayoyin jini, sannan a 1972 Singer da Nicolson suka bayyana cewa furotin na yawo a cikin wannan shimfiɗa. Ki ƙaddara cunkoson kasuwar Sabon Gari ranar jajibirin Sallah: kowa na iya kutsawa ya sauya wuri da na kusa da shi, amma ba a barin fili a tsakani. Haka ƙwayoyin maiƙon suke. Suna zamewa a gefen juna, shi ya sa ake cewa ruwa ne, amma ba sa yarda a raba su, domin kowace ƙwayar maiƙo tana da wutsiyoyin da ba sa shiri da ruwa. Saboda haka tantanin yana lanƙwasuwa da ɗan ƙarfi ƙalilan, kamar yadda masanin kimiyya Helfrich ya lissafa a 1973, alhali idan aka ja shi faɗinsa ya ƙaru da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari kacal sai ya yage.

Wannan kina iya ganinsa da idonki a ɗakin gwaji. Ki ɗiga jini a cikin tsantsar ruwa ki duba a madubin likita: ƙwayoyin za su sha ruwa, lotsawar tsakiyarsu ta cike, su zama dunƙulallu, daga nan kuma su fashe. Kafin su dunƙule, rarar tantanin da suke da ita suke warwarewa, kimanin kashi 40 cikin ɗari fiye da abin da dunƙulalliyar ƙwaya ke buƙata. Wannan rarar ce ke ba ƙwaya mai faɗin kusan maikromita 8 (maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) damar bi ta jijiyoyin da ba su kai ta faɗi ba, da ƙananan tsagogin saifa.

Komawa siffar asali kuwa, a nan ɗalibai suka fi ruɗewa, ba aikin maiƙon ba ne. A ƙarƙashinsa akwai raga ta furotin mai suna sifektirin, ita ce ke miƙewa ta sake tsukewa. Tun shekarun 1970 masana irin su Evan Evans suka riƙa auna wannan da siririn bututun gilashi, suna zuƙar gefen ƙwaya suna duba tsawon da ya shige. Idan aka ja ƙwayar aka sake ta, ba ta komawa nan take, sai bayan kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa: ragar na janyo ta, danƙon tantanin na rage mata gudu. Wannan jinkirin shi ne shaidar haɗuwar halayen biyu.

A ganina, inda wannan ilimi ya fi shafarmu shi ne ciwon sikila. Idan iskar oksijin ta ragu, himogulobin (furotin da ke ɗaukar oksijin a cikin jar ƙwayar jini) na mai sikila kan sandare ya zama dogayen zarurruka masu tokare tantanin daga ciki. Da farko ƙwayar na warwarewa idan iskar ta dawo, amma yawan maimaituwa yana lalata ragar, ruwan cikin ƙwayar ya ragu ya yi kauri, har wasu ƙwayoyin su ƙage a lanƙwashe. Irin waɗannan suna taimakawa wajen toshe ƙananan jijiyoyi, kuma kwanansu 10 zuwa 20 ne, maimakon kimanin 120 na lafiyayyar ƙwaya.