Me ya haɗa mawaƙi da dokar ban ɗaki?

Tambaya: Malam, na ji an ce manyan mawaƙa sun taɓa ƙaurace wa wata jiha a Amurka saboda dokar da ta shafi masu sauya jinsi. Wace doka ce, kuma ƙauracewar ta yi wani tasiri kuwa, ko neman suna ne kawai?

Amsa: Jihar Karolina ta Arewa ce, a 2016. Rigimar daga birnin Charlotte ta taso. A watan Fabrairu majalisar birnin ta amince masu sauya jinsi su riƙa shiga ban ɗakin jinsin da suka koma. 'Yan majalisar jiha, waɗanda akasarinsu 'yan Republican ne, ba su yi wata-wata ba. Ranar 23 ga Maris suka kira zaman gaggawa, suka zartar da dokar da ake kira HB2, Gwamna Pat McCrory ya sa mata hannu a daren. Dokar ta ce a makarantu da gine-ginen gwamnati kowa ya shiga ban ɗakin jinsin da ke cikin takardar haihuwarsa, ta kuma ƙwace wa birane ikon kafa irin dokar Charlotte. Magoya bayanta suka ce mutuncin mata da yara suke karewa, masu adawa suka ce wariya ce tsagwaronta.

Bruce Springsteen ne ya buɗe fagen. Saura kwana biyu ya yi wasa a Greensboro ranar 10 ga Afrilu, sai ya ce ya fasa, a mayar wa kowa kuɗin tikitinsa. Ringo Starr da Pearl Jam da Maroon 5 da Demi Lovato suka bi sahu, har da Itzhak Perlman, shahararren mai goge. Cyndi Lauper kuwa ta ƙi bin wannan hanya: ta je Raleigh ta yi wasanta, ta ba wa ƙungiyar da ke yaƙar dokar ribar da ta samu.

Batun neman suna, ban ga alamarsa ga irin su Springsteen ba, sunan da suke da shi ya ishe su. Inda nake da ja shi ne wanda asarar ta faɗa wa. Mawaƙi dare ɗaya ya rasa, gobe yana wata jiha ya cika zaure. Mai sayar da abinci a harabar wurin, da mai gadin motoci, da ma'aikacin otal, su ne suka koma gida hannu rabbana. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, sai dai a nan yabo gardin ya kwasa. Ga wani abin kuma: manyan zaurukan wasa a manyan birane suke, kuma a nan ne adawa da dokar ta fi ƙarfi. Zauren Greensboro ma mallakar birnin ne. 'Yan majalisar da suka goyi bayan dokar, da yawansu daga mazaɓun karkara suka fito, inda Springsteen bai taɓa shirin zuwa ba.

Mawaƙan dai sun ja hankalin duniya, amma wanda ya taɓa aljihun jihar daban ne. Kamfanin PayPal ya fasa buɗe cibiyar da za ta ɗauki mutum 400 aiki a Charlotte. Hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke wasan taurarinta na 2017 daga birnin ta kai New Orleans. NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta janye gasa bakwai, a jihar da ƙwallon kwandon jami'a ya shiga jinin jama'a. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙiyasta asarar za ta haura dala biliyan 3.76 cikin shekara 12.

A zaɓen Nuwamba 2016 Roy Cooper ya kayar da McCrory da ƙuri'a dubu 10 da ɗoriya. Ranar 30 ga Maris 2017, NCAA na barazanar hana jihar gasa na wasu shekaru, aka soke sashen ban ɗakin, amma aka ci gaba da hana birane kafa irin dokar Charlotte har zuwa Disamba 2020, abin da ya fusata masu fafutukar. NBA ta mayar da wasan taurarinta Charlotte a 2019. Da jihar Florida ta kafa tata dokar ban ɗakin a 2023, ba a ga ayarin mawaƙa irin wancan ya juya mata baya ba.