Lahadi ina bakin aiki a Jidda, na karya doka ta huɗu ke nan?

Tambaya: Baba Fasto, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Jidda. A nan Lahadi ce farkon makon aiki. Wani mai kiran kansa annabi a zaurenmu na WhatsApp ya ce kuɗin da nake samu ranar Lahadi la'ananne ne, wai kuɗin ne ya kwantar da mahaifiyata a gida. Ya ce in riƙa turo masa ladan ranar ya warware mini. Barci ya ƙaurace mini.

Amsa: 'Yata, ko riyal ɗaya kada ki tura masa. Kuɗin nan ki saya wa Mama magani.

Na gaji da jin wannan magana, kusan kullum sai an kawo mini ita. Wai Lahadi ita ce Asabar ɗin Musa, ranar hutun da doka ta huɗu cikin Dokoki Goma ta umarta, da aka matsar gaba, duk wanda ya ɗaga tsinke a cikinta ya jawo wa gidansu masifa. A wace aya? Asabar rana ta bakwai ce. Lahadi rana ta fari ce, ranar da Yesu ya tashi daga matattu, shi ya sa muke taruwa a cikinta. Kuma Kiristocin farko ba su da hutu a ranar. Sai a shekara ta 321 ne Sarki Kwanstantin na Rum ya mai da ita ranar hutu, har ma ya bar manoma su je gona. Kusan shekara ɗari uku ke nan bayi da 'yan ƙwadago suna sujada da asuba ko da dare, su wuni suna aiki. Duba Ayyukan Manzanni 20: a Taruwasa, ranar farko ta mako, ga fitilu a bene, Bulus yana ta wa'azi har tsakar dare, gyangyaɗi ya kwashe wani saurayi ya faɗo ta taga. To su ma la'anannu ne? Annabin naki ya karanta Kolosiyawa 2:16, inda aka ce kada kowa ya hukunta ku a kan Asabar, ko kuwa lambar asusunsa kaɗai ya haddace?

Balle ke da aikinki jinya ne. A ranar Asabar Yesu ya miƙar da matar da ta shekara 18 a tanƙware, shugaban majami'a yana ta huci.

Sai dai ban sallame ki daga hutu ba. Maimaitawar Shari'a 5 ta ce a huta domin bawa da baiwa su ma su sarara, a tuna da bautar da Isra'ilawa suka yi a Masar. Na san ku 'yan ci-rani, ranar hutun ma sai ku sayar da ita a kan kuɗin ƙarin lokaci. Tun 2013 Juma'a da Asabar ne ƙarshen mako a Saudiyya. Duk ranar da jadawali ya ba ki, ki keɓe ta ga Ubangiji: ki yi barci, ki buɗe Littafi, ki kira Mama ku yi addu'a tare. Shi kuwa mutumin nan, ki toshe lambarsa yau.